Daga Salaga Zuwa Agege, Daga Agege Kuma Sai Ina?

A 'yan shekarun nan babu maganar da ta fi yawo a bakin jama'armu mazauna Ikko kamar maganar tashi. A rumfar kasuwa ita ake yi, a ƙofar masallaci bayan la'asar ita ake yi, har wurin ɗaurin aure da zaman makoki ba ta ƙyale ba. Wane ya kwashe iyalinsa ya koma Badun, wane ya sayi fili a Ifo, wane kuwa ya ce shi Kano zai koma ɗungurungum. In ka tambayi dalili amsar guda ce, watau haya ta yi tsada, gari ya yi zafi. Wannan kuwa gaskiya ce, babu mai musu. To amma tun da yake tashi daga wani gari zuwa wani ba baƙon abu ba ne a wurinmu, da shi ma muka zo nan ɗin, ya kamata mu waiwaya mu dubi abin da ya riƙa tayar da iyayenmu da kakanninmu, don mu gane ko tashin da ake shiri yau irin nasu ne, ko kuwa wani sabon abu ne da ba mu taɓa gwadawa ba.

Mu fara da goro, domin shi ne uban tafiyar. Kafin zuwan Turawa, goron da ake ci a Kano da Sakkwato da Barno daga ƙasar Asante yake fitowa, a kawo shi kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja, cikin Ghana ta yanzu. Fatake su tashi daga Kano cikin ayari, madugu na gaba, da jakuna da takarkarai ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su ƙetare Kwara su bi ta ƙasar Bargu, a yi watanni ana tafiya. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi suna a wannan hanya. Duk inda ayari ya saba yada zango sai wasu su zauna, su gina masallaci, su zama masu saukar da baƙi. Salaga ta cika ta batse da irin waɗannan mutane. Sa'an nan a 1874 Turawan Ingila suka ci Asante da yaƙi, hanyar goro ta fara karkata, a 1892 kuma yaƙin basasa ya tashi a Salaga kanta a kan sarauta. Cikin ɗan lokaci garin ya watse. Mutane suka nufi Kete-Krachi da Kintampo da Kumasi da Ankara. Shahararren malamin nan Alhaji Umaru, mutumin Kano, wanda ya rasu a 1934, yana cikin waɗanda suka bar Salaga suka zauna a Kete-Krachi. Babu wanda ya bar Salaga don ɗaki ya yi tsada. Kasuwa ce ta mutu, tsaro kuma ya gagara.

Daga nan sai goro ya sake hanya. Aka riƙa loda shi a jirgin ruwa daga gaɓar Ghana zuwa Ikko, daga Ikko kuma a haura da shi Arewa. Layin dogo ya isa Badun a 1901, ya isa Kano a 1911, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, ya yi zaman Ankara, yana kuma cikin waɗanda suka fara gane amfanin wannan hanya ta ruwa, kafin ya koma Kano ya rungumi gyaɗa. Shi ma dai ka ga inda ciniki ya karkata nan ya bi.

Mu Hausawa mun riga jirgin ƙasa zuwa Ikko. Tun a 1863 Bature Glover ya kafa rundunarsa da Hausawa, zaman Obalende ma asalinsa na sojojin Hausa ne. Amma abin da ya kafa zangunanmu na ƙasar Yarbawa yadda muka san su yau shi ne lokacin da manoman Yarbawa suka fara shuka goron Gwanja a gonakinsu, a wajejen Agege da Ota, daga baya ya bazu zuwa Abekuta da Remo da Ijebu. Agege a lokacin ƙauye ce mai gonakin koko da goro, ga kuma tashar jirgi a gindinta. Iyayenmu suka zo suka zauna kusa da tashar, su shiga ƙauyuka su sayo goro, a ɓare shi, a wanke, a zaɓe, a ɗaure huhu da ganye, a loda a tarago sai Kano. Haka aka yi a Ifo, haka aka yi a Abekuta. Shagamu ba ta kan layin dogo, amma da mota ta yawaita ita ma ta zama babbar cibiyar goro. Lalle Agege ta fi tsibirin Ikko araha nesa ba kusa ba a wannan zamani, amma ba arahar ce ta kawo su ba. Da a ce goron a tsakiyar Isale-Eko yake tsirowa, da can za su matsu su zauna.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi muhimmanci a wannan tarihi, wanda yaranmu da yawa ba su san shi ba. A Badun, Hausawa sun fara zama ne a cikin gari, a gidajen Yarbawa, har zuwa 1916 da aka keɓe musu unguwar Sabo. Wani Bature masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabon a farkon shekarun 1960, ya kuma fitar da littafi a kan abin da ya gani a 1969. Abin da ya tarar shi ne abin da dattawanmu ke ba mu labari da baki: duk harkar shanu da goro a hannun masu gida take.

Maigida a wancan zamani ba shi ne mai gidan haya na yau ba, ko da yake sunan ɗaya ne. Falke zai taso daga Arewa da shanunsa, a ƙasa ko a jirgi. Shanun Arewa kuwa ba sa jure Kurmi, tsando na cizon su sammore ta kama su, saboda haka dole a sayar da su da sauri kafin su rame. Mahautan Yarbawa kuma ba su da kuɗin biya nan take, sai dai su ɗauka bashi su biya bayan sun sayar da nama. To yaya baƙon da bai san kowa ba, bai kuma ji yaren ba, zai ba wanda bai taɓa gani ba dukiyarsa bashi? Nan maigida ke shigowa. Shi zai saukar da falken a gidansa, ya ba shi ɗaki da tabarma da tuwon dare, ba tare da ya karɓi ko anini na haya ba. Dillalansa su shiga kara su yi ciniki, shi kuma ya tsaya lamuni: in mahauci ya ci kuɗin, maigida ne zai biya daga aljihunsa. Ya san kowane mahauci, ya san wanda bashi ya yi wa yawa, ya san wanda ke cika alkawari. Ribarsa tana cikin la'ada da abin da baƙo zai yi masa na alheri in zai koma. A harkar goro ma haka abin yake, sai dai kayan ne ke tafiya Arewa: maigida na da ɗakin ajiya, da masu ɗaurin huhu, da 'yan dako, da yaran da ke shiga ƙauye.

Ma'ana dai, a tsarin da ya kafa Sabo da Zangon Agege da Sabon Shagamu, ɗaki ba haja ba ne. Jari ne na jawo baƙo. Mutum kan gina gida mai ɗakuna da yawa ne don ya sami inda zai sauke fatake da inda yaransa za su kwana, yawan ɗakunanka yawan cinikinka. Yaro ya zo daga ƙauyen Kano ko Katsina ba shi da kowa, ya kwana a zaure, ya yi dako, ya zama yaron dillali, ya zama dillali, maigida ya yi masa aure ya ba shi ɗaki. Yana iya shekara ashirin a Kurmi bai san wani abu wai shi kuɗin haya ba. Kada kuma mu mai da tsarin kamar Aljanna, domin yaron da ke kwana kyauta ba shi da bakin yi wa maigida gardama, wasu sun tsufa suna yi wa wani bauta. Amma dai maganar "ba zan iya biyan ɗaki ba, bari in bar gari" ba ta cikin lissafinsu.

Yaushe abin ya juya? Sannu a hankali ne. Da jirgin ƙasa ya fara lalacewa, gingimari da tirela suka karɓe lodi, falke ya daina buƙatar doguwar sauka: ya zo yau, ya sauke, ya juya jibi. Babbar hanyar Ikko zuwa Badun da aka buɗe a 1978 ta ƙara gajarta tafiya. Banki ya zo, daga baya waya ta zo, har ya zamana mai shanu na zaune a Maigatari ko Potiskum yana ciniki da mutumin Oko-Oba bai taka ƙafarsa Ikko ba. A ɗaya gefen kuma garin sai cika yake yi. Jihar Legas, wadda aka ƙirƙira a 1967, ita ce mafi ƙanƙantar ƙasa a duk jihohin Nijeriya, ruwa kuma ya cinye wani sashe mai yawa nata, amma ƙidayar 1991 ta ba ta mutum miliyan 5.7, ta 2006 ta ba ta miliyan 9, gwamnatin jihar ma ta ce an rage mata ne ƙwarai. Da masu gida na farko suka rasu aka raba gado, magada suka duba suka ga ɗakin da baƙo ke kwana kyauta zai iya kawo kuɗi duk wata. Wasu suka zuba 'yan haya, wasu suka sayar gaba ɗaya. Ba mu zarge su ba, zamani ne ya zo da haka. Mutanenmu kuma suka shiga sana'o'in da ba su da maigida irin na da: canji, gadi, shayi, garuwa, kayan gwari a Mil 12, tumaki a Alaba Rago, gyaran takalmi, daga baya acaɓa. Kowa ya koma neman ɗakinsa da kansa, a Idi-Araba ko Ijora ko Ketu ko inda ya samu.

Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1980 za su tuna lokacin da tsada ta fara cizo sosai. A 1985 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja a farashin gwamnati. Da gwamnatin Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu a 1986 aka karya naira, siminti da kwano suka tashi, masu gidaje suka huce a kan 'yan haya. A Yulin 1990 gwamnan soja Raji Rasaki ya sa aka rushe Maroko, mutane wajen dubu 300 suka rasa matsuguni cikin damina, suka bazu cikin unguwannin talakawa suna neman ɗaki, haya ta ƙara hawa. A ranar 12 ga Disamba 1991 aka mayar da babban birnin ƙasa Abuja. Mutane da dama sun zaci gari zai yi sauƙi tun da gwamnati ta tafi. Ina! Ma'aikata sun tafi, wasu daga cikin 'yan canjinmu da 'yan kwangila sun bi su, amma tashar jiragen ruwa tana nan, masana'antu suna nan, bakunan da za su ci tumatir da nama suna nan. Gwamnatin Marwa ta yi dokar ƙayyade haya a 1997, gwamnatin Fashola ta yi wata a 2011 wadda ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Duk wanda ya taɓa neman ɗaki a garin nan ya san inda waɗannan dokoki suka tsaya. In ka ce doka ta hana, mai gida zai ce maka to je ka kwana a cikin dokar, akwai mutum biyar a bayanka da kuɗi a hannu.

Saboda haka in ɗan'uwa ya ce zai tashi don haya, ba raki yake yi ba. Kuɗin shekara a dunƙule, ga na eja, ga na lauya mai rubuta yarjejeniya, ga na ajiya wai ko za ka ɓata wani abu, wanda da wuya ya dawo hannunka. Ɗan kasuwa kuwa kuɗin da ya kulle a ɗaki jari ne ya cire daga rumfa. Wanda ke juya kuɗinsa sau biyu ko uku a wata a kan albasa ko barkono, in ya ɗebi rabin jarin ya miƙa wa mai gida, ba hayar kaɗai ya biya ba, har da ribar da kuɗin za su haifa cikin shekarar.

Amma in ka zauna da masu shirin tashi ka saurare su da kyau, za ka ji hayar ita ce a baki, akwai wasu abubuwa a ƙarƙashinta. Na farko rashin tabbas. An yi rusau a Agege don gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021, an yi don sabon layin jirgi, a watan Mayu na 2022 an ba mutanen Alaba Rago wa'adin kwana 14 su tashi, bayan rikicin 2016 kuma gwamnati ta yi maganar ɗauke kasuwar Mil 12 zuwa Imota. Mutum ba ya sakin jiki ya yi gini ko ya ƙara jari a wurin da bai san ko baɗi yana nan ba. Sai kuma acaɓa, wadda dubban samarinmu ke ci da ita. An taƙaita ta da dokar 2012, aka hana a wasu ƙananan hukumomi a Fabrairun 2020, aka sake hanawa a shida ranar 1 ga Yuni 2022, cikinsu har da Ikeja da Apapa da Surulere, a watan Satumba kuma aka ƙara huɗu, har da Kosofe da Mushin, inda Mil 12 da Idi-Araba suke. Babura da yawa an kama an niƙe. Waɗannan samari sun tsallaka jihar Ogun da Badun ne don can ne za su iya aiki, arahar ɗaki ta biyo baya. Su tashinsu ya fi kama da na kakanni, domin sana'a suka bi.

Sa'an nan ga abin da ya faru daga 29 ga Mayu 2023, ranar da aka janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 480 cikin kwanaki, a ƙarshen 2024 ta kai wajen 1,000. Dala da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024. Kuɗin lodi daga Arewa ya ninka, kuɗin mota cikin gari ya ninka, kuɗin makarantar yara ya bi sahu. Magidanci mai mata biyu da 'ya'ya takwas a ɗaki biyu a Agege, in ya ji cewa da abin da yake biya zai kama gida sukutum a wani gari, har da tsakar gida inda mata za su sha iska su yi 'yar sana'a, wa zai ce masa kada ya yi tunani? Akwai kuma buri na ɗan Adam, wanda mu Hausawa muka fi kowa: a ce mutum ya mutu ya bar wa 'ya'yansa gida nasa na kansa. A cikin Ikko wannan buri ya fi ƙarfin mafi yawanmu.

To ina ake nufa? Kashi na farko su ne masu matsawa baki-baki, Agbado, Sango-Ota, Ifo, Mowe, Ibafo, Ikorodu. Waɗannan ba su bar kasuwar Ikko ba, kwana kawai suka ɗauke. A nan ne lissafi ya fi ruɗin mutane. Abin da ka rage a haya sau ɗaya a shekara kake ganinsa, abin da ka ƙara a mota kuwa kullum yake fita, shi ya sa ba ya jin ciwo sai an tara. Mai kayan gwari da dole ya kasance a Mil 12 kafin a sauke mota da asuba, in yana kwana a Ifo, ko dai ya fito cikin dare ya bi hanya da kuɗi a jikinsa, ko ya koma kwana a rumfa ya riƙa zuwa gida ranar Juma'a, ya zama ɗan cirani a gidansa. Jirgin cikin gari da ya fara jigila tsakanin Agbado da Oyingbo a 2024, wanda ke tsayawa a Agege, ya sauƙaƙa wa na wannan layi, amma fa masu filaye ma sun ji labarin jirgin, sun kuma ƙara kuɗi. Sayen filin kansa wani yaƙi ne. Masu cewa ƙasar kakanninsu ce, waɗanda ake kira omo-onile, za su sayar maka, ka zo aza harsashi wasu su zo su ce ba su ci ba, ka zo rufi wasu su zo. Jihar Legas ta yi dokar hukunta masu ƙwacen fili a 2016, amma hankali ya fi doka saurin kare mutum. Dokar ƙasa ta 1978 kuma ta sa ƙasa a hannun gwamna, don haka rasit ɗin da iyalin masu fili suka rubuta maka ba shi ne takardar mallaka ba. Wanda kuma ya ga fili da araha a bakin kogin Ogun, wajejen Isheri da Kara, ya tambayi maƙwabta abin da ke faruwa in an buɗe madatsar ruwa ta Oyan. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Kashi na biyu su ne masu komawa tsofaffin zangunanmu, Badun da Shagamu da Abekuta. A ganinmu waɗannan sun fi na farko dabara, in dai sana'arsu za ta iya bin su. Badun gari ne mai faɗi, abinci da ɗaki sun fi sauƙi, ga Bodija, ga Shasha, ga karar shanu ta Akinyele, ga jirgin zamani da aka ƙaddamar a 2021 mai zuwa Ikko daga Moniya. Sama da duka akwai Sabo mai shekara fiye da ɗari, da sarkinta da masallatanta da makarantunta. Sai dai inda rayuwa ke da araha, ciniki ma yana da sanyi. Abin da mai shayi ko mai nama zai sayar kafin azahar a Agege yana iya kai shi dare a can. Kuma kasuwa ba fili ba ce da za ka je ka shimfiɗa buhu kawai. Wanda ya shekara ashirin a Mil 12, ana sauke masa kaya bashi don an san shi, in ya koma Bodija baƙo ne, sai ya nemi wanda zai tsaya masa. Wannan lamuni, wanda babu shi a rubuce ko'ina, shi ne rabin jarin yawancinmu, ba a kuma loda shi a mota tare da katifa.

Kada kuma wani ya ɗauka ƙaramin gari ya fi tsaro don yana da araha. Rikicin Shagamu na Yulin 1999 ya ci rayuka da dukiya, har ya haifar da ramuwa a Kano. Ikko ta ga nata a Ketu a ƙarshen 1999, da Idi-Araba a Fabrairun 2002, da Mil 12 a Maris na 2016. Badun ta ga na Shasha a Fabrairun 2021, inda aka ƙone shaguna da gidaje, har ƙungiyar masu safarar abinci da dabbobi ta dakatar da kawo kaya Kudu na wasu kwanaki. Allah Ya kiyaye gaba. Abin lura shi ne, a duk waɗannan wurare abin da ya kashe wutar shi ne akwai shugabannin da aka sani, Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa, waɗanda za su zauna da sarakunan gari da gwamnati a yi magana. Mutumin da ya je ya yi gini shi kaɗai a wata sabuwar unguwa bayan Mowe, in wani abu ya taso, wa zai kira?

Kashi na uku masu cewa gida za su koma. Ga wanda garinsu Kano ne ko Zariya, yana kuma da abin yi, wannan shawara ce mai kyau, gida biyu maganin gobara. Amma da yawa daga cikin waɗanda suka cika Ikko a shekaru goma sha biyar ɗin nan gudowa suka yi, na Barno da Yobe daga rikicin Boko Haram, na Zamfara da Sakkwato da Katsina daga 'yan bindiga. Su babu gonar da za su koma. Akwai kuma irinmu da aka haifa a nan, kakanninmu ne suka zo da goro, muna jin Yarbanci kamar Hausa, in mun je Arewa a ce mana 'yan Kurmi. Mu Agege ce gida.

Da iyayenmu suka tashi daga cikin garin Badun zuwa Sabo a 1916, tare suka tashi, masu gida da malamai da mahauta da makaɗa, aka yanka filaye, aka fitar da wurin masallaci. Tashin yau ɗaiɗai ake yin sa, kowa da inda kuɗinsa ya kai shi. Sakamakon haka mun fara ganinsa a makarantun Islamiyyarmu, inda yaro zai ɓace a tsakiyar zango, a tambaya a ce sun tashi, a can kuma babu makarantar da zai shiga sai an hau mota. Muna ganinsa a asusun taimakon juna, domin wanda ke kwana a Ifo yana ciniki a Agege bai san reshen da zai biya ba, sau da yawa sai ya daina biya gaba ɗaya, ranar da gobara ta ci rumfarsa kuma a duba littafi a ga babu sunansa.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne ranar mutuwa. Mutum ya rasu da dare a sabuwar unguwa, babu mai wanka a kusa, babu makara, babu maƙabartar Musulmi da aka tanada, sai a yi ta waya ana neman mota a kawo shi inda ya baro, alhali maƙabartun cikin Ikko su ma sun cika, kabari kuma sai da kuɗi. Filin da ake sayarwa da araha yau a Ifo da Mowe da wajen Ikorodu, shekara talatin da suka wuce haka yake a Agbado da Sango, shekara ɗari da suka wuce haka yake a Agege. In 'yan'uwa goma ko ashirin da ke da niyyar tashi za su sanar da ƙungiya kafin su biya kuɗi, ana iya haɗa su su saya a jere a wuri guda, lauya ɗaya ya bincika takardun, a kuma fitar da fuloti biyu tun kafin a aza bulo, ɗaya na masallaci da makaranta, ɗaya na maƙabarta.